Sharhi Kan Makaniken da Ya Auna Kafin Ya Kwance

Idan aka tambaye ni ko zan sake kai masa mota, amsata ita ce e, duk da cewa akwai abubuwan da suka ɓata min rai a garejinsa. Dalilina guda ne: shi kaɗai ne cikin waɗanda suka taɓa motar ya ƙi faɗin abin da ke damunta sai da ya auna.

Motar mai injin fetur ce, ƙirar 2008, irin masu nozul ba kabureta ba. Da safe takan tashi lafiya, silo ɗinta ma ba laifi. Amma da zarar inji ya yi zafi, in na taka totur zan wuce wata motar ko zan hau tudu, sai ta shaƙe, ta yi ta fizga, wani lokacin har ta mutu. In ta huce sai ta tashi kamar ba ita ba. Daga baya fitilar inji ta kama.

Wanda na fara kai wa ko bonet bai buɗe ba, daga jin bayanina ya ce famfon mai ne. Aka sayi sabo aka sa. Motar ta ɗan yi dama-dama, sannan ta koma gidan jiya. Wani kuma ya ce nozul ne suka toshe, ya wanke su, ya canja fulogi. Gwajin da ya yi wa famfon shi ne ya zare tiyon mai, ya sa yaronsa ya murɗa makulli, fetur ya feso, ya ce ai ga shi yana aiki. Ban ce su macuta ba ne. Matsalar ita ce raunin famfo, toshewar filta, dattin nozul, iskar da ke satar hanya ta shiga inji, da lalacewar na'urar da ke auna iska, duk alamominsu kusan iri ɗaya ne. Wanda ya kama sunan ɗaya daga jin labari, canki-canka yake yi, kuma da aljihunka yake yin ta.

Shi wannan na same shi ne ta hannun wani direban haya. Masu ci da mota ba sa ɗaukar wasa, domin ranar da ta kwana a gareji asara ce a gare su. Ban tambaye shi wa ya iya gyara ba, na tambaye shi wa ya taɓa gano masa matsalar da ta gagari wasu.

Abin da makaniken ya fara yi shi ne tambayoyi. Da sanyi take yi ko da zafi? In tanki ya cika ko in ya yi ƙasa? Me aka riga aka canja? Sai ya ce in murɗa makulli kar in tayar, ya kara kunne wajen kujerar baya. Famfon da ke cikin tanki yakan yi ƙara ta kamar daƙiƙa 2 don ya cika layin mai kafin inji ya tashi. Ya ji ta. Daga nan ya jona kwamfuta a soket ɗin OBD-II da ke ƙarƙashin sitiyari, wato soket ɗin da ake karanta matsalar mota ta cikinsa, wanda aka wajabta wa motocin Amurka tun 1996, masu fetur na Turai kuma tun 2001. Lambar da ta fito ita ce P0171, wato iska ta yi wa mai yawa a cikin inji.

A nan na fara yarda da shi. Na ce, “To, ai kwamfuta ta faɗa.” Ya ce, “A'a maigida, ta faɗi ciwon dai, ba ta faɗi sanadinsa ba. Ko dai mai ne ya yi kaɗan, ko iska ce ta yi yawa. Sai mun raba.”

Ya nuna min a allon yadda kwamfutar motar ke ƙara wa inji mai don ta cike giɓi. A silo ƙarin ba shi da yawa, amma da aka taka totur sai ya haura. Da ɓarauniyar iska ce, in ji shi, da akasin haka za a gani: ta fi tsanani a silo, ta ragu in inji ya ɗau wuta. Ke nan mai ne ba ya isa. Ya ɗaura agogon auna ƙarfin mai a layin. Injuna irin nawa galibi suna aiki ne tsakanin bar 3 zuwa 4 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin man). A tsaye allurar tana daidai, amma da injin ya yi zafi aka matsa masa, sai ta riƙa zamewa ƙasa. Wannan ne abin da zare tiyo ba zai taɓa nunawa ba, don famfo na iya feso mai a fili alhali ba ya iya riƙe ƙarfinsa in an ɗora masa nauyi.

Ni a raina na ce shi ke nan, sabon famfon ma jabu ne. Shi bai yi wannan gaggawar ba. Ya ɗaga kujerar baya, ya sa mita a wayoyin da ke shiga famfon. Batir yana ba da kusan volt 14 inji na aiki, amma abin da ke isa famfon bai kai 11 ba. Da ya zare soket ɗin da ke saman tanki, ga robarsa ta narke, ƙarfen ciki ya yi baƙi. Soket ɗin da ya saki yakan yi zafi, zafin ya ƙara hana wuta wucewa, famfo ya rage gudu. Shi ya sa take lafiya da safe ta rikice da rana. Mai yiwuwa ma tsohon famfon da aka jefar ba abin da ya same shi.

Ya canja soket ɗin da guntun wayar da ta ƙone, ya yi musu dalma maimakon ya murɗe su da salatif. Kafin ya buɗe tanki don duba rariyar famfo, sai da ya zare fiyus ya bar injin ya mutu da kansa don ƙarfin man ya sauka, ya cire kan batir, ya kuma kori wani mai shan sigari daga wajen. Rariyar ta ɗan yi datti, ya canja ta. Bayan ya gama ya sake aunawa a gabana, muka fita muka hau tudu tare, sannan ya goge lambar. Kayan da ya cire ya zuba min a leda.

Yanzu ga inda ya gaza. Ba shi da cika alkawarin lokaci ko kaɗan. In ya ce maka da hantsi, ka ɗauka la'asar. Waya kuwa in yana ƙarƙashin mota ba ya ɗauka, kuma ba ya kiran mutum daga baya. Garejin a cushe yake, ba inda mutum zai zauna. Yaransa sun bar min shatin baƙin mai a kujera, sai da na yi magana aka goge. Rasit ma sai da na nema, aka rubuta min da hannu.

Yana kuma karɓar kuɗin bincike daban, ko ka yi gyaran a wajensa ko ba ka yi ba. Na ga wani ya yi fushi ya tafi saboda haka. Ni ban ga laifin wannan ba, don abin da na biya na binciken da gyaran gaba ɗaya bai kai kuɗin famfon da na saya a banza ba. Wanda ba ya cajin bincike, a kayan gyara yake fanshewa.

Masu motar dizal kada su wahalar da kansu. A gabana aka kawo wata, ya ce ba fanninsa ba ne, ƙarfin man irin waɗannan injuna yana haura bar 1,500, kuma ba shi da kayan auna shi. Ya kwatanta musu wani wajen.

Tun daga lokacin motar ba ta sake shaƙewa ba, fitilar ma ba ta dawo ba. Ya dai gargaɗe ni cewa famfon ya sha aiki da ƙarancin wuta, don haka in na ji ƙararsa ta canja in dawo a auna. Ya kuma ce in daina barin tanki yana sauka ƙasa da kwata, saboda man da famfon ke nutse a ciki shi ne ke sanyaya shi.