Buhun PICS na ajiyar wake: abin da yake iyawa da inda yake gazawa

Wake ba ya jimirin ajiya. Ƙwaronsa tun daga gona yake biyo shi: macen na saka ƙwai a jikin kwanso ko a kan ƙwayar waken, tsutsar ta huda ta shige ciki ta ci, cikin mako uku zuwa huɗu ta fito a matsayin sabon ƙwaro ta sake saka nata. Buhun da aka ɗinke a kaka yana sheƙi, kafin bazara sai a tarar da huji a kowace ƙwaya, ga gari a gindi.

Maganin da aka saba yi a sito shi ne a yayyafa fiya-fiya ko Sniper, ko a cusa ƙwayar Phostoxin, mai fitar da iskar guba, a tsakiyar buhu. Wannan al'ada ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, bayan an yi ta samun sinadarin dichlorvos, gubar da ke cikin fiya-fiya da Sniper, a cikinsa fiye da miligiram 0.01 a kowane kilo, wanda shi ne iyakar da dokarsu ta yarda da ita. Daga baya aka yi ta tsawaita haramcin. Hukumar NAQS, wadda ke killace tsirrai tana kuma ba masu fitar da amfanin gona takardar shaidar lafiyar kaya, a tashar jirgin ruwa da filin jirgin sama da kan iyaka take tsare hanya. Gubar kuwa tun a ɗakin ajiya na ƙauye take shiga, ko a sito a Dawanau. Kafin kaya su iso gaban jami'in hukuma, aikin gama ya gama. A nan ne buhun PICS, wato buhun leda mai tsare iska na ajiyar hatsi, yake da muhimmanci, domin yana hana a kai ga zuba maganin tun farko.

Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka ƙirƙiro shi tare da takwarorinsu na arewacin Kamaru, aka fara yaɗa shi sosai a Afirka ta Yamma daga 2007. A Najeriya cibiyar binciken noma ta IITA da malaman gona na jihohi suka riƙa nuna shi ƙauye-ƙauye, a Nijar kuma cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Maraɗi ta yi masa gwaje-gwaje masu yawa. Hawa uku ne: leda biyu masu kauri a ciki, kowacce kaurinta maikiron 80 (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya), sai buhun saƙa na roba a waje wanda ke ɗaukar wahalar dako. Akwai mai cin kilo 50, akwai mai cin kilo 100.

Babu wani magani a jikinsa, kuma mutane da yawa ba sa yarda da haka sai sun gani. Iska kawai yake tsarewa. Iskar da muke shaƙa tana da kashi 21 cikin ɗari na oksijin. Idan aka ɗaure ledar, ƙwarin da ke ciki su ne ke zuƙe wannan kaso da numfashinsu har ya yi ƙasa ƙwarai, sai su daina ci, su daina haihuwa. Da yake daga abincin da suke ƙonawa da oksijin suke samun ruwan jikinsu, yawancinsu bushewa suke yi su mutu. Abin mamakin shi ne, waken da ƙwari suka fara kamawa ya fi saurin cinye iskarsa. Amma kada wannan ya ruɗi kowa: hujin da aka riga aka yi ba ya toshewa, ɓarnar ce kawai take tsayawa inda ta kai.

Wajen cikawa da ɗauri ake cin riba ko a tafka asara. Da farko a gwada kowace leda ita kaɗai: a kaɗa ta ta cika da iska, a murɗe bakin, a danna a hankali. Idan tana sacewa akwai huji. Ƙarami a liƙe shi da salatif ciki da waje, babba kuwa a mayar wa mai shago. A sheƙe waken da kyau, domin tsinken kara ko guntun busasshen kwanso ya isa ya huda leda. A zuba kamar kwano ɗaya a leda ta farko don ta zauna, a zura ta cikin ta biyu, a zura su duka cikin buhun saƙa, a naɗe bakunan uku waje guda. Ana zubawa ana girgizawa har waken ya zauna daram, a bar kamar taƙi guda a sama. Sai a matse iskar da ta rage, a murɗe bakin ledar ciki, a lanƙwasa shi biyu, a ɗaure da igiya ko robar ɗaurin kaya. A yi wa ta biyu haka, sannan buhun waje. Kowanne da ɗaurinsa. Masu gaggawa kan haɗa ukun su ɗaure sau ɗaya, kuma mafi yawan ƙorafin "buhun bai yi aiki ba" daga nan yake fitowa. Allurar ɗinkin buhu da ƙugiyar 'yan dako ba su da wuri a nan.

Babban sharaɗinsa bushewa. Danshin hatsi kada ya wuce kashi 13 cikin ɗari. Wanda ba shi da na'urar awo ya sami busasshiyar kwalba, ya zuba wake da cokali biyu na busasshen gishiri, ya rufe ya girgiza, ya bar ta ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a koma shanya. Ɗanyen wake a cikin leda gumi yake yi, ya yi tsami, ya canza launi, kuma ba zai tsiro ba idan iri aka ajiye. Busasshe kuwa yana riƙe tsirowarsa har damina. Bayan an kwashe daga shanya a bari ya huce a inuwa kafin a ɗura.

Bayan danshi, ɓera shi ne abokin gabar buhun na biyu. Ba ya jin ƙanshin abin da ke ciki sosai, amma haƙori ɗaya ya isa ya kashe buhun. A ɗora a kan katako, a bar rata tsakaninsa da bango, a share ɗakin, kada rana ta riƙa dukansa domin tana busar da leda ta tsage. Masu ajiye masara su san cewa akwai wani ƙwaron masara mai ƙarfin baki da ke iya huda ledar ma, don haka a riƙa shafa jikin buhun lokaci-lokaci ana dubawa.

Ga gidan da ake ɗibar na girki kullum, babban buhun bai dace ba, domin kowane buɗi sabuwar iska ce. Gara a raba na ci a jarkoki masu murfi, a bar buhun a ɗaure aƙalla wata biyu na farko.

Kuɗinsa ya ninka na buhun saƙa sau da yawa, kuma wannan ne ke korar manoma. Amma idan an kula da shi yana yin kaka uku ko fiye, ga kuɗin magani da aka huta, ga waken da za a iya dafawa ranar da aka buɗe. Inda na fi ganin laifi shi ne wajen samunsa. Lokacin kaka, sa'ad da aka fi bukatarsa, sau da yawa sai a birni ake samu, kasuwar ƙauye kuma ta cika da na jabu masu siririyar leda. Araha ba ta ado. A duba tambarin PICS a jiki, a ƙirga ledar ta cika biyu, a murza ta tsakanin yatsu a ji kauri, a ɗaga ta a rana a duba liƙin gindi.

Babban ɗan kasuwa mai dubban buhuna zai ce ɗauri uku a kowane buhu ɓata lokaci ne, kuma yana da gaskiyarsa. Shi turaren Phostoxin ƙarƙashin tamfol a hannun ƙwararre ya fi masa sauri, muddin ba a ɗakin da mutane ke kwana ba ne, kuma an ba kayan kwanakin shan iska kafin a fitar. Ga manomi mai buhu biyar zuwa hamsin da ke jiran farashi ya tashi, na fi ba da shawarar PICS. Sai dai mai sayen wake a kasuwa don ya ajiye ya tambayi asalinsa tukuna, domin waken da aka riga aka yi wa feshi, ledar ba za ta cire masa gubar ba.