Kallon shahon birni: kyamara ko madubin hangen nesa?

Kyamarar sheƙa, wato wadda ake kafawa kusa da sheƙar tsuntsu a riƙa kallo ta waya, tana kai ka inda ƙafa ba ta zuwa. Shahon feregirin ba ya tara kara, ɗan gurbi yake tonawa cikin tsakuwa a gefen dogon bene, macen ta saka ƙwai 3 ko 4, a yi kwanci wajen kwana 33. Kana riƙe da waya za ka ga tana fige tantabara, tana sa wa 'ya'yanta a baki ɗan kaɗan-kaɗan.

Sai dai farauta a sama ake yin ta. Da madubin hangen nesa wuya zai ƙage, wata rana ma ka dawo hannu rabbana. Amma ranar da shahon ya naɗe fukafukai ya sulmiyo da gudun sama da kilomita 300 a awa, ni kam mantawa nake da waya.