DCP-o-matic: manhajar da ke kai fim daga kwamfutar edita zuwa allon bikin finafinai

Duk lokacin da wani bikin baje kolin finafinai masu zaman kansu ya fitar da sunayen finafinan da ya zaɓa, murna ce ke cika shafukan sada zumunta. Bayan kwana biyu kuma sai wasiƙar sashen fasaha ta iso hannun furodusa: a turo fim a tsarin DCP, kafin rana kaza. A nan ne hankalin masu gajerun finafinai da yawa ke tashi, domin kamfanonin da ke yin wannan aiki kuɗi suke caja, shi kuma mai fim aljihunsa ya riga ya ƙare tun wurin ɗauka da tacewa. DCP-o-matic ita ce mafitar da akasarinsu ke komawa gare ta, haka ma 'yan sa kai da ke haɗa shirye-shiryen ƙananan bukukuwa. Kyauta ce, Carl Hetherington ne ya rubuta ta kuma yake kula da ita, tana aiki a Windows da macOS da Linux, ba ta kuma manna tambarinta a kan hoton kowa.

DCP ba fayil ɗaya ba ne irin MP4. Folda ce mai ɗauke da hoto daban, sauti daban, da wasu ƙananan fayiloli da ke faɗa wa sabar gidan silima, wato kwamfutar da ke kunna fim ga majigi, abin da ke ciki da yadda za ta jera shi. Manyan kamfanonin fim na Amurka ne suka kafa haɗakar DCI mai tsara ƙa'idojin silimar dijital a 2002, suka fitar da ƙa'idar farko a 2005, kuma a kanta majigin silima na zamani ke tafiya. Kowane firam ana matse shi shi kaɗai a tsarin JPEG 2000, launi ana juya shi zuwa XYZ, sauti kuma ba a matse shi ko kaɗan. Aikin manhajar ke nan: ka ba ta fim ɗinka, ta mayar da shi wannan folda.

A kan hoto, gaskiya ba ta da abin zargi. Ka buɗe sabon aiki, ka jawo fayil ɗin fim, ka zaɓi girman allo, ita za ta yi sauran. Girman da aka fi amfani da shi a 2K iri biyu ne: Flat mai fiksel 1998 a 1080, da Scope mai 2048 a 858. Fim ɗin da aka tace a 1920 da 1080 yana zama a cikin Flat lafiya lau, da ɗan baƙin layi na fiksel 39 a kowane gefe, wanda ba mai lura da shi a cikin duhun zaure. Kada a miƙe hoton don a cike wannan gurbi. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne fim mai faɗin Scope da edita ya fitar da baƙaƙen layuka sama da ƙasa a jikinsa. Idan aka zuba shi haka a Flat, allon silima zai nuna ɗan ƙaramin hoto a tsakiya, baƙi ya zagaye shi ta ko'ina. Maganinsa a yanke kimanin fiksel 138 daga sama, a yanke 138 daga ƙasa, sannan a zaɓi Scope. Manhajar tana nuna sakamakon yankan nan take, don haka ba aikin lalube ba ne.

Abin da za a ba ta shi ma abin kula ne. A fitar da fayil mai cikakken inganci, irin ProRes ko DNxHR, kai tsaye daga manhajar tacewa, kada a ɗauko ƙaramin kwafin da aka matse don turawa ta intanet. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: dusashewar da ba a gani a waya, a allo mai faɗin mita goma sai ta zama tabo, musamman a fitowar dare da sararin sama.

Gudun firam kuma yana da nasa rikicin. Wanda kowace sabar ke karɓa ba gardama shi ne 24 a sakan. Fim mai 23.976 manhajar za ta ɗan ƙara masa gudu ya koma 24, ta daidaita sautin da shi, bambancin bai kai a ji ba. Mai 25 ne ke buƙatar shawara. Idan aka bar shi a 25 sai a yi shi a tsarin SMPTE, wanda shi ne sabon tsari, amma a tambayi bikin ko na'urarsu tana ɗauka. Idan aka sauke shi zuwa 24, fim mai minti 90 zai koma minti 93 da sakan 45, muryoyi su ɗan yi kauri, kiɗa ya ɗan sauka. Masu tsara jadawalin biki suna buƙatar sanin wannan, domin minti huɗu a kowane fim yana cinye lokacin tambaya da amsa da aka ware wa darakta. Bidiyon da aka ɗauka da waya kuwa sau da yawa gudun firam ɗinsa ba tsayayye ba ne, kuma shi ke sa baki da murya su rabu a tsakiyar fim. A daidaita shi tun a wurin tacewa.

Sauti ne wurin da finafinai masu kyau suka fi lalacewa a bukukuwa, kuma a nan ne manhajar take da taimako amma ba ta da siddabaru. Zauren silima yana da lasifika uku a bayan allo, hagu da tsakiya da dama, kuma maganar 'yan wasa daga ta tsakiya ake son ta fito. Jerin layukan 5.1 a DCP tsayayye ne: na 1 hagu, na 2 dama, na 3 tsakiya, na 4 na rugugi, na 5 da na 6 na kewayen hagu da dama. Akwai wani ɗan allo mai gidaje-gidaje a cikin manhajar inda ake haɗa kowane layin sautinka da nasa mazaunin. A duba shi da ido biyu, domin wasu manhajojin tacewa suna fitar da layukan a wani jeri daban. Kuskure ɗaya a nan, sai maganar jarumi ta koma lasifikar rugugi, 'yan kallo su ga baki yana motsi, kunne kuma gunaguni kawai yake ji.

Mai sitiriyo zalla, wato hagu da dama kawai, fim ɗinsa zai yi aiki, sai dai wanda ya zauna a gefen zaure zai riƙa jin magana tana fitowa daga ɓangarensa maimakon bakin mai magana. Manhajar tana da hanyar da take raba sitiriyo zuwa 5.1 da kanta, amma ba abin dogaro ba ce: wani lokaci takan watsa magana zuwa lasifikan baya, sautin ya zama kamar ana magana a cikin rijiya. Abin da ya fi shi ne a koma wa mai haɗa sauti ya fitar da magana ita kaɗai a layi ɗaya don tsakiya, kiɗa da sauran ƙararraki su tafi hagu da dama. Aikin awa ɗaya ne, kuma ya fi duk wata dabara ta manhaja. Haka batun ƙarfi. Ma'aunin silima an gina shi a kan lamba 7 a maɓallin ƙarar sauti na na'urar Dolby, yayin da sautin da aka haɗa don YouTube ya fi haka ƙarfi nesa ba kusa ba. A shirin gajerun finafinai guda takwas a jere, mai haska fim ba zai tsaya yana murɗa maɓalli ga kowanne ba. Manhajar tana zana taswirar ƙarfin sautin fim daga farko zuwa ƙarshe, tana kuma bari a rage ko a ƙara. Ga 'yan sa kai masu haɗa irin wannan shiri, wannan kaɗai ya isa dalilin amfani da ita.

Fassarar ƙasan allo hanya biyu ce. Ko a ƙona ta a jikin hoto, ko a bar ta daban majigi ya riƙa ɗora ta. Ta biyun ta fi tsabta, tana kuma ba da damar canza harshe, amma tana da tarko. Idan salon haruffan da aka haɗa da ita ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, ko wasu haruffa masu alama na wani harshe, akwatuna ne za su bayyana a madadinsu. A tsohon tsarin Interop kuma fayil ɗin haruffan bai kamata ya wuce kilobait 640 ba. Ga fim da zai je biki ɗaya da fassara ɗaya, a ƙona ta kawai a huta. Wani abin da ke jawo ɓacin rai shi ne kunshin da ake kira VF, wanda ke ɗauke da fassara kaɗai yana jingine da asalin fim, wato OV. Yana da sauƙin turawa saboda ƙanƙantarsa, amma in OV bai isa sabar ba, babu abin da zai haska.

Raunin manhajar na fili shi ne jinkiri. Fim mai minti 90 yana da firam 129,600, kowanne kuma sai an matse shi daban. Kwamfutar da ke yin firam 4 a sakan za ta kwashe awa 9 tana aiki, fanka tana kuka. Abu biyu ke rage zafin wannan. Na farko, in wuta ta ɗauke ko aka tsayar da aikin, tana duba abin da ta riga ta yi ta ci gaba daga nan, muddin ba a taɓa saitin hoto ba. Na biyu, akwai ƙaramar manhajar taimako da ake sakawa a wasu kwamfutocin da ke kan layin sadarwa ɗaya, sai su raba aikin a tsakaninsu. Ofishin biki mai kwamfuta huɗu zai iya haɗa su da kebul cikin dare, gari ya waye an gama. Akwai kuma mai jera ayyuka, wanda za a loda wa finafinai goma ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Girman folda lissafi ne mai sauƙi. Iyakar da ƙa'ida ta yarda da ita megabit 250 ce a sakan, wanda ke kai hoton fim mai minti 90 kusan gigabait 169. A 150 zai tsaya wajen 101, gajeren fim mai minti 10 kuma wajen 11. Babu hikima a tura shi har iyaka: wasu tsofaffin sabar suna sarƙewa in an matso 250, ido kuma da wuya ya raba 150 da 250 a fim ɗin 2K.

Bayan an gama sai batun faifan da za a ɗora shi. Tsarin faifai na FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4, exFAT kuma sabar da yawa ba sa ganinsa sam. NTFS yakan yi aiki a wurare da dama, amma abin da masana'antar ta saba da shi shi ne tsarin ext2 ko ext3 na Linux. Manhajar tana zuwa da Disk Writer, wanda ke shirya faifai a wannan tsari ko daga Windows ko Mac, ya kwafe fim, ya tabbatar da kwafin. Yana goge duk abin da ke kan faifan, don haka a cire sauran faifai daga jikin kwamfuta kafin a danna. Kuma foldar da za a tura ita ce mai dogon suna da ke cikin foldar aikin, ba foldar aikin gaba ɗaya ba. Kada a canza sunan ko fayil ɗaya a cikinta. Kowane fayil yana da lambar shaida da aka rubuta a takardar kunshin, kuma in ya ɓaci wajen kwafa ko lodawa a intanet, sabar za ta ƙi shi.

Kulle fim da makullin KDM manhajar tana yin sa yadda ya kamata, amma shawararmu ga ƙaramin biki ita ce a bar shi a buɗe sai in mai rarraba fim ne ya tilasta. Makullin yana ɗaure ne da sabar guda da kuma ƙayyadadden lokaci. In aka sauya zaure da yamma saboda tikiti ya ƙare an koma babban ɗaki, ko aka ɗaga nuni zuwa gobe, sai an nemo sabon makulli, mai bayar da shi kuma wataƙila yana barci a wata nahiya.

Kafin manhajar ta fara aiki takan fito da jerin gargaɗi: layukan sauti sun yi kaɗan, gudun firam baƙo ne, sauti ya kusa fashewa. Mutane sukan rufe shi ba su karanta ba, alhali rabin matsalolin da aka lissafa a sama suna ciki. Tana kuma da nata abin kunna DCP, mai binciken kunshi ya faɗi in akwai ɓaraka. Sai dai allon kwamfuta ba zaure ba ne. Gani ya kori ji: a yanko minti biyu masu ɗauke da magana, da fitowar dare, da fassara, a yi musu DCP, a roƙi sashen fasaha su haska da safe kafin a buɗe ƙofa, a zauna a layin baya sannan a koma kujerar gefe.

Ga nunin da bukukuwa ke kaiwa makarantu da ɗakunan karatu da filayen unguwa kuwa, DCP ba shi da wurin zama, domin ƙaramin majigi da laftof ba don shi aka yi su ba. Can fayil ɗin H.264 mai kyau a 1080 da sautin sitiriyo ake buƙata. Ya kamata biki ya nemi duka biyun a wasiƙa ɗaya tun farko, ya kuma ajiye na biyun a ɗakin majigi ranar babban nuni, a laftof da aka riga aka jona da wayar HDMI aka gwada sautinta.