Ziyarar Bagadaza daga Kano: yadda wani kamfanin shirya tafiya ya yi mana hidima

A watan Nuwamban bara na bi ayarin mutum 14 zuwa Iraƙi ta hannun wani kamfanin shirya tafiye-tafiye da ke Fagge, wanda aikinsa na yau da kullum Umara ne, amma yakan haɗa ziyarar Bagadaza saboda 'yan Ƙadiriyya masu marmarin zuwa makwancin Shehu Abdulƙadir Jilani. Tun da na dawo ake tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ta biya, amma akwai gyara.

Wajen takardu ba ni da ƙorafi. Sun karɓi fasfo da katin rigakafin shawara makonni kafin tashi, suka fito mana da biza, suka kuma buga jerin sunayenmu da Larabci tare da lambobin fasfo. Da farko na raina wannan takarda, sai da muka fara cin karo da shingayen jami'an tsaro na san darajarta. Babu jirgi kai tsaye daga filin Malam Aminu Kano zuwa Bagadaza, dole a yada zango a wata ƙasa, kuma a can muka kwana a kan kujeru ba tare da an sanar da mu tun daga gida ba. Dattawan cikinmu sun sha jiki a wannan dare.

Abin da ya fi komai daraja a cikin kuɗin da muka biya shi ne jagoran da suka ɗaukar mana, wani dattijo ɗan Bagadaza wanda ya san lokacin magana da lokacin yin shiru. A kan hanyar Samarra, mai nisan kusan kilomita 125 arewa da Bagadaza, an tsayar da mu a wani shinge, sai wani matashi daga cikinmu ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Jagoran ya dafa hannunsa a hankali ya ce, "Ya Hajji, ba a nan ba," sannan ya sauka da takardar sunayen da tarin fasfo a hannunsa, ya tsaya yana gaisawa da sojan kamar tsohon maƙwabcinsa har aka ɗage mana ƙarfe. Samarra, garin da aka tarwatsa ƙubbar hubbaren Askari, makwancin wasu limaman Shi'a biyu, a 2006, ba wurin wasa da kyamara ba ne. Da muka isa, hasumiyar Malwiya mai tsayin mita 52, wadda Halifa Mutawakkil ya gina a ƙarni na 9, ta mantar da mu gajiyar hanya.

A cikin Bagadaza tsarin ya yi kyau. Mun yi kwana biyu muna komawa unguwar Babush Shaikh, inda Shehu Abdulƙadir, wanda ya rasu a 1166, yake kwance, kuma ba a gaggauta kowa ba, har masu wazifa suka kammala a natse. Mun ziyarci masallacin Imam Abu Hanifa a A'azamiyya, muka haye kogin Dijla zuwa Kazimiyya, inda muka ajiye waya a wurin amana kafin mu shiga hubbaren Imam Musa Kazim, mata kuma sai da abaya. Makarantar Mustansiriyya ta ƙarni na 13 kuwa wucewa kawai aka yi da mu, abin da ya ba ni haushi a matsayina na malamin makaranta. Masaukin matsakaici ne, akwai tsafta, kuma idan an ɗauke wuta janareta kan karɓa nan take, lamarin da bai zama baƙo ga Bakano ba.

Inda kamfanin ya gaza shi ne maganar kuɗi da alkawari. Ba su faɗa mana cewa kusan komai da dinari ake saye a hannu ba, kuma masu canji sun fi son sababbin takardun dala 100 marasa lanƙwasa. Wanda ya je Wapa ya karɓo tsofaffi ya sha ciniki. Sannan a tallarsu sun rubuta Mosul, birnin da 'yan ISIS suka riƙe daga 2014 zuwa 2017, amma sai a rana ta biyar aka ce an soke saboda nisa da yanayin hanya. Ban ƙi dalilin ba, domin rai ya fi ziyara, abin da na ƙi shi ne a sayar wa mutum abin da ba a tabbatar ba.

Mai niyyar bin irin wannan ayari ya zaɓi tsakanin Nuwamba da Maris, domin zafin bazarar Iraƙi yakan kusanci digiri 50, ya kuma kauce wa kwanakin Arba'in, taron tunawa da Imam Husaini a watan Safar, idan ba Karbala ya nufa ba, saboda miliyoyin masu tattaki kan cika hanyoyi da masaukai. Ya nemi a rubuta masa garuruwan da za a je da abin da za a mayar masa idan an soke ɗaya. Mu ba mu yi haka ba, kuma har yau manajan yana ce mini, "Malam, a ƙara haƙuri, kuɗin Mosul na nan tafe."