Sifirin ɗin baya na Camaro 1967: mai ganye ɗaya ko mai ganyaye da yawa?

Wani ɗan'uwa a zauren nan yana da Chevrolet Camaro ƙirar 1967, inji 350 (lambar girman injin ce), giyar hannu. Ya ce bayan motar ya zauna, gefen direba ya fi sauka, kuma in ya saki kuloci da ƙarfi sai tayoyin baya su riƙa tsalle suna dukan titi. Tambayarsa ita ce: ya mayar da irin sifirin da ta zo da shi, mai ganye ɗaya, wato fallen ƙarfe guda, ko ya koma mai ganyaye da yawa, ko kuwa ya sayi na faiba?

Malam, matsala biyu ce ka kawo. Zaman da motar ta yi gajiyar ƙarfe ce, kowane sabon sifiri zai gyara shi. Tsallen taya kuwa da shi motar ta fito daga masana'anta. Duk Camaro ta 1967 ganye ɗaya aka sa mata a kowane gefe, shoka biyun kuma duk a gaban aksil suke. Idan inji ya tura taya gaba, gidan aksil yana murɗawa baya, hancin difa ya ɗaga sama, rabin sifirin na gaba ya lanƙwashe kamar harafin S. Da taya ta zame sai ƙarfen ya miƙe da ƙarfi, ta sake kama ƙasa, ya sake lanƙwashewa. Wannan ne tsallen, kuma shi ke karya kuros ɗin farfela. Chevrolet da kansu sun gane haka: a 1968 suka raba shoka, na dama a gaban aksil, na hagu a bayansa, suka kuma sa mai ganyaye da yawa a motocin da ke da manyan injina.

To, mai ganye ɗaya na ƙarfe bai da wani amfani ke nan? Yana da shi. Ya fi sauƙin nauyi, babu ganyen da ke gogar ɗan'uwansa, saboda haka ba ya yin ƙara, kuma tafiyarsa da laushi. Yana zama daram a mazauninsa ba sai an taɓa komai ba. Wanda ke son motarsa ta kasance yadda ta fito daga masana'anta, don baje koli ko don darajarta a kasuwa, shi zai saya. Amma tsallen zai dawo, sai an haɗa masa da sandar hana murɗawa irin CalTracs. Kuma ranar da ganyen ya karye, babu na biyun da zai riƙe aksil.

Mai ganyaye huɗu ko biyar ya fi nauyi, tafiyarsa kuma ta ɗan fi tauri a kan ƙananan gargada, don ganyayen suna gogar juna kafin su motsa. Abin da yake ba ka shi ne ƙarfi a rabin gaba, daidai wurin da ake buƙata. Masu Dodge da Plymouth na wancan zamani sun daɗe da cin moriyar wannan dabara: rabin gaban sifirinsu gajere ne mai tauri, na bayan dogo mai laushi. Ga mai inji 350 da giyar hannu da ke hawa motar a titi, mai ganyaye da yawa muke ba da shawara.

Sai dai aikin ba cire wannan sa wancan ba ne, kuma nan ne mutane ke asarar kuɗi. Idanun duka biyun, wato zoben da ke ƙarshen kowane sifiri, suna shiga mazauni ɗaya a jikin mota. Bambancin yana kan aksil. Kujerar da aka yi wa walda a ƙarƙashin aksil, wadda sifirin ke zama a cikinta, ta mai ganye ɗaya ba ta da zurfi. In ka cusa ganye biyar a ciki, farantin ƙasa da ke matse sifirin ba zai kai bakin kujerar ba, sai a sami rata. Mai ɗaurewa da ƙarfi don ya rufe ratar zai lanƙwasa farantin ne kawai. Ko dai a sa ƙarfen cike ratar da dogayen kusoshi, ko mai walda ya yanke tsofaffin kujerun ya sa masu zurfi, wanda shi ne aiki mai ɗorewa. In za a yi waldar, a auna kusurwar hancin difa kafin a yanke, a mayar da ita yadda take, in ba haka ba farfela za ta riƙa rawa a gudu. A kuma duba cewa kan kusar tsakiya, wadda ta haɗe ganyayen, ya sami ramin da zai zauna, domin shi ke hana aksil zamewa gaba ko baya. Kafin ka yi oda ma, leƙa ƙarƙashin motar tukuna. Mota mai irin wannan shekaru, ba mamaki wani ya riga ya sa mata aksil ɗin 1968 ko 1969.

Na faiba kuwa, motar Corvette ta Chevrolet ta fara amfani da irinsa a 1981. Nauyinsa kaɗan ne ƙwarai, ba ya tsatsa, ba ya saurin zama. Amma ba ya shiri da zafin salansa, dutse ya ɓantare gefensa sai ya fara tsagewa, kuma tun da babu gogayya a cikinsa dole a haɗa shi da shoka mai kyau. Na masu tsere ne, tsadarsa ba ta biyan mai yawon gari.

Kada ka saya da ƙirgen ganye. Nan ba akori-kura ba ce da za a ce a ƙara ganye ɗaya ta ɗauki buhuna. Abu biyu za ka tambayi mai sayarwa: taurinsa, wato laba nawa ke sauke shi inci ɗaya, da kuma tsayin da zai ba motar. Na asali suna kusa da laba 100, na masu son shan kwana da gudu sukan kai 175, wanda bayanka zai ji a titi mara kyau. Tsayi kuma a bar shi a na asali, ko a sauke inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi in akwai sarari tsakanin taya da jiki. Kamfanoni irin Eaton Detroit Spring suna ƙerawa bisa zanen asali, za su tambaye ka shekara, inji da irin jikin motar. A kai tsohon sifirin wurin maƙeri ya sake lanƙwasa shi da guduma kuwa, zai tashi na ɗan lokaci ya sake zama.

Wajen ɗaurawa, sifirin gefe biyun ake canzawa tare, da sababbin bushin, rataya ta baya mai riƙe idon baya, robobin sama da ƙasa, da kusoshi. Tsohuwar kusar U ta riga ta miƙe, ba a mayar da ita. Bushin na roba ya fi shiru, na foliyuritan ya fi riƙo amma yana kuka in babu giris. Mazaunin idon gaba kusa uku ke riƙe shi, notinansu kuma na maƙalawa ne a cikin jikin mota, sun shahara da karyewa su riƙa juyawa a banza. A jiƙa su da man sassauta tsatsa tun kwana biyu kafin aiki, a tanadi sababbi.

Kusoshin idanu da na rataya kada a ƙarasa ɗaure su mota tana kan jak. A sauke ta kan tayoyinta, a danna bayan sau da yawa, sannan a ɗaure. In an ɗaure tana rataye, robar za ta murɗe da zarar an sauke, motar ta tsaya sama da ƙima, bushin ya yage da wuri. Bayan tafiyar 'yan ɗaruruwan kilomita a sake bin kusoshin aksil da sifana, sannan a auna daga ƙasa zuwa bakin jiki a gefe biyun, tanki cike, a kan daɓe madaidaici.