Agogon nutso mai kamannin tsufa: wanne za ka saya kafin a fara taɓa shi?

Wanda ya taɓa ganin tsohon Rolex Submariner na shekarun 1960, ko da a hoto ne, ya san abin da ke jan hankalin mutane. Ɗigo-ɗigon da ke nuna awoyi sun bar fari sun koma ruwan madara, zoben da ke kewaye da gilashi ya koɗe daga baƙi zuwa ruwan toka, gilashin kansa ya yi tozo kamar an kife ƙaramin kwano. Samfurin 5513, wanda aka yi ta ƙerawa daga 1962 har 1989, yau mai lafiya a cikinsu ya haura dala dubu goma. Shi ya sa masu sha'awa da yawa suke sayen agogo mai araha su tsufar da shi da hannunsu. Inda akasari ake tafka asara shi ne wurin zaɓen agogon da za a yi aikin a kansa, tun kafin a kai ga sukuddireba.

Sai ka fara sanin abin da ya tsufar da na asalin, don shi za ka kwaikwaya. Fentin da ke haske cikin duhu, da sinadarin radiyam mai fitar da tururin nukiliya ake haɗa shi har farkon shekarun 1960, daga nan aka koma wani irinsa mai suna tiritiyam har wajen 1998. Wannan fentin ne yake rinewa da shekaru, kuma haskensa na mutuwa, tunda ƙarfin tiritiyam yana raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da 'yan watanni. Farantin lambobin da ke kan zobe na alminiyam ne da aka rina, rana da ruwan gishiri suna cin rininsa. Gilashin kuwa ba gilashi ba ne, filastik ne mai tauri. Sai a 1979 Submariner ya fara samun na saffaya, wato gilashi mai tsananin tauri da ke da wuyar karcewa. Wasu baƙaƙen fuskokin ma rana ta mayar da su ruwan goro, kuma masu tara agogo sun fi tsadanta waɗannan, alhali asalinsu aibin fenti ne. Abu huɗu ke nan: fenti, zobe, gilashi, fuska. Duk agogon da ba zai bari ka canja waɗannan cikin sauƙi ba, bai dace da aikin ba komai kyansa.

Na fara da jabu, wato mai ɗauke da sunan Rolex ko Tudor alhali ba su suka yi shi ba, domin shi ne mutane suke fara tunani. A ganina shi ne mafi munin tushe. Yawancin jabun da ke yawo kwafin Submariner na zamani ne: jiki mai kauri, ƙafafun riƙe maɗauri masu faɗi, zoben tangaran, gilashin saffaya shimfiɗaɗɗe, ga sunan kamfanin an zana shi a bangon ciki da ke kewaye da fuska. Zoben tangaran bai hau Submariner na ƙarfe ba sai 2010, kuma an kawo shi ne musamman don kada ya koɗe. Idan ka rina ɗigon awoyin irin wannan agogo suka yi ruwan madara, ka haɗa abin da bai taɓa wanzuwa ba, kamar yaro ɗan shekara goma da furfura. Mai ido zai gane daga nesa.

Ko ka samu jabun da aka yi shi a kan tsohon samfuri, matsalar kayan gyara tana nan. Babu ma'auni tsayayye. Wanda aka yi bana da wanda aka yi bara suna iya bambanta da rabin milimita a faɗin fuska ko bakin gilashi, kuma a aikin agogo rabin milimita ya isa ya hana abu zama. Injin ciki ma ba ka san shi ba sai an buɗe. Masu araha galibi ƙaramin inji ne na Chaina wanda in ya tsaya, sayen sabo ya fi gyaransa sauƙi. Rubutun mita 300 da ke fuskarsa, wato zurfin ruwan da wai zai jure, kuwa tawada ce kawai, babu wanda ya gwada. Sannan akwai abin da ba a cika faɗa ba: sabon jabu kowa ya san jabu ne, amma wanda aka tsufar da gangan, ranar da ya bar hannunka ya shiga gwanjo, wani bawan Allah zai iya biyan kuɗin gaske a kansa. Ni dai ba na son hannuna a cikin wannan.

Na biyu su ne agogunan da suka ari siffar tsofaffin amma suka sa sunan kansu. Steinhart na Jamus yana yin su da injin Suwizalan, San Martin da Steeldive da Pagani Design na Chaina suna yin masu sauƙin kuɗi, yawancinsu da injin Seiko NH35. Waɗannan ba su yi wa kowa ƙaryar suna ba, kuma da dama cikinsu an riga an yi musu rabin aikin daga masana'anta: jiki mai milimita 38 zuwa 40, gilashi mai tozo, fenti mai ruwan madara. Abin dubawa a nan zobe ne. Da yawa suna zuwa da na tangaran saboda masu saye suna ganin shi ne alamar inganci, kai kuwa na alminiyam kake nema. Ka tambayi faɗinsa na ciki da na waje da milimita kafin ka biya, don ka san ko za ka samu madadinsa.

A wannan rukunin akwai Invicta Pro Diver 8926OB, wanda ya daɗe yana zama agogon koyon hannu. Milimita 40 ne kamar tsohon Submariner, NH35 ne a cikinsa, kuma fuskokin da ake yi wa Seiko suna zama a kansa. Aibinsa ɗaya: an zana sunan kamfanin da manyan baƙaƙe a gefen jikinsa, sai an goge da zarto da samfefa, aikin yini guda ga mai haƙuri.

Inda na fi ba da ƙarfi shi ne Seiko, ba don ya fi kowa kyau ba, sai don kasuwar kayansa. SKX007 ya fito a 1996, aka daina yin sa wajen 2019, kuma a tsakanin nan ya zama agogon da aka fi yi wa kwaskwarima a duniya. Fuskarsa milimita 28.5 ce, kuma wannan ma'aunin ya zama tamkar doka: hannaye, zobe, gilashi, maɓallin saiti, murfin baya, har jikin gaba ɗaya, akwai masu ƙera su daban-daban kuma suna shiga juna. Tunda an daina yin sa farashinsa ya hau, har ya zama ɓarna ne a farke mai lafiya. Hanya mafi hankali yanzu ita ce ko dai ka sayi Seiko 5 Sports da ya gaje shi, wanda yawancin kayan SKX suna hawansa, ko ka sayi jiki daban, inji daban, fuska daban, a haɗa maka. Ka dai sani cewa magajin mita 100 aka rubuta masa, kuma maɓallinsa ba ya ɗaurewa kamar noti, saɓanin SKX mai mita 200.

Shi NH35 ɗin ba wani abin alfahari ba ne, jakin aiki ne. Yana bugawa sau 21,600 a awa, yana riƙe wajen awa 41 in an ajiye shi, ana iya yi masa wani da hannu ta murza maɓalli, kuma hannun daƙiƙa yana tsayawa idan ka ja maɓalli don saiti. Amfaninsa a wurinmu shi ne dangin Seiko 5 ne, agogon da iyayenmu suka ɗaura shekara da shekaru, don haka tsohon mai gyaran agogo a Sabon Gari ko Kasuwar Kurmi ba zai tsaya yana kallonsa kamar baƙo ba. Kuskuren da sababbin shiga suke yi shi ne na wurin maɓalli: na SKX yana wajen ƙarfe huɗu, na Invicta da masu siffar Submariner yana ƙarfe uku. Fuskokin kasuwa sukan zo da 'yan ƙafafu huɗu a baya, a yanke biyu gwargwadon jikin da za a sa su. In aka yanke waɗanda ba su ba, sha biyunka za ta karkace. Faifan ranakun mako ma haka, a injin da yake da shi, kowane wuri da nasa.

Kuma ba dole sai siffar Rolex ba. Seiko yana da nasa tarihin: 62MAS na 1965, agogon nutso na farko da Japan ta yi, da 6105 mai faffaɗan jiki wanda sojojin Amurka suka yi ta saye a zamanin yaƙin Biyetnam. Ana samun jikin da aka yi a kan siffarsu, kuma a hannu sun fi fita daban, don masu kama da Submariner sun cika gari.

Akwai kuma wanda ba ya buƙatar a tsufar da shi, domin bai taɓa zama na zamani ba: Vostok Amphibia na Rasha. Tun 1967 ake yin sa a garin Chistopol, har yau da gilashin filastik mai kauri, da maɓalli mai lilo wanda za ka rantse ya karye alhali haka aka tsara shi. Mita 200 ne na gaske. Zoben da yawa daga cikinsu tagulla ce aka lulluɓe, in aka cire rufin sai launin rawaya ya fito ya riƙa dushewa da kansa. Sai dai lokacinsa yana iya gudu da kusan minti guda a yini, saitin kwanan wata wahala ne, kuma kayan Seiko ba sa shigarsa, nasa daban ne.

To, a ce ka zaɓa. Me za a fara canjawa? Gilashi. Babu abin da yake sauya kamannin agogo kamar gilashi mai tozo, saboda yadda yake lanƙwasa lambobin gefe idan ka kalle shi a karkace. Na filastik shi ne na asali, yana da ɗumin gani, yana karcewa da wuri amma ana goge karcen da man gogewa, har man goge baki yana rage ƙanana. Saffaya mai tozo ba ya karcewa, sai dai ƙyallinsa yana tona asirin shekarunsa. Ka tabbata jikin agogon yana karɓar wanda ka zaɓa, don yadda ake zaunar da filastik daban da yadda ake zaunar da saffaya.

Sai zobe. A nan ne ake amfani da ruwan bilic irin su Hypo ko Jik: a ɓamɓare farantin alminiyam ɗin daga agogo, a tsoma, a riƙa cirowa ana ɗaurayewa duk bayan rabin minti ana dubawa. Wani farantin yana koɗewa nan take, wani sai ya daɗe, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na farko da na yi, kira ya shigo mini a waya, kafin in gama gaisuwa baƙi ya zama farin kwano har lambobin sun ɓace. Ka sayi biyu ko uku, ba su da tsada. Kada kuma a tsoma agogon gaba ɗaya, bilic yana cin roba yana ɓata ƙarfe.

Fuska da hannaye su ne inda nake cewa a saya kawai, kada a dafa. Za ka ji ana ba da shawarar shafa kofi ko shayi a kan ɗigon awoyi, ko gasa fuskar a tanda har ta yi ruwan ƙasa. Wani lokaci yana yin kyau a hoto. Amma kofi yana barin tabo marar daidaito kuma yana jan laima, zafi kuwa yana sa fenti ya kumbura ya kashe hasken dare. Yanzu ana sayar da fuska da hannaye waɗanda fentinsu na zamani ne, marar illa, an riga an ba shi launin tsufa. Sharaɗin shi ne ka saye su wuri ɗaya, domin ruwan madarar wannan kamfani ruwan lemo ne a wurin wancan, kuma hannaye da fuska masu launi biyu sun fi komai muni. Ka nemi fuska marar sheƙi, ko mai rubutun ruwan zinare irin na kafin 1967, kuma marar sunan kowa. Idan wani ya yi maka tallan tsohuwar fuska ta ainihi daga shekarun 1950, ka bar masa kayarsa: radiyam yana ɗaukar shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, ƙurarsa ba abin shaƙa ba ce.

Jikin ƙarfen kuwa ka ƙyale shi. Masu zuba agogo cikin gwangwani da kusoshi suna girgizawa suna samun karce ne ta ko'ina daidai wa daida, alhali na gaske a gefen da ke gugar ƙofa da tebur yake taruwa. Wata shida a hannunka, da hawa babur da ƙurar hunturu, za su yi aikin fiye da kusoshi. Maɗauri ma kada ka kashe masa kuɗi da yawa: na zare irin wanda sojan Birtaniya suka fara amfani da shi a 1973, ko na roba mai ƙananan huji irin na shekarun 1960, kowannensu ya wadatar, kuma sun fi fata jure gumi.

Abu na ƙarshe da za ka sa a lissafin kuɗinka shi ne ruwa. Da wuya a cikinmu a samu mai nutso a teku, amma agogon da ke hannun mai alwala yana haɗuwa da ruwa sau biyar a yini, ga gumin bazara. Duk lokacin da aka cire gilashi ko aka buɗe baya, alkawarin mita 200 ya warware har sai an sake gwadawa. Ka sa a canja robobin da ke tare ruwa, na baya da na maɓalli da na gilashi, a shafa musu man silikon, a kuma yi aikin a ɗaki rufaffe, ba a teburin bakin titi lokacin hunturu ba, don ƙwayar ƙura ɗaya a kan baƙar fuska za ta tsone maka ido kullum. Ka tambayi mai gyaran ko yana da na'urar gwajin matsin iska. In ba shi da ita, ka riƙa cire agogon kana sa shi a aljihu kafin ka ɗauki buta, har ranar da ka samu inda za a gwada maka.