Hattara da "malamin buluz" mai sayar da sirrin jita cikin kwana 30

Wata huɗu ke nan ina haɗiye wannan magana saboda kunya, don babu mai son a ji an yi masa sakiyar da ba ruwa da girmansa. Shekaranjiya da dare sai ga tallar mutumin ta sake faɗo mini a Facebook. An canza suna, an canza hoton shafi, amma bidiyon nan ne dai: hannu biyu a kan jita mai ruwan zinare, ba fuska. A ƙasa kuma yara sun yi layi suna tambaya, "Malam nawa ne?" Nan na ce gara in ajiye kunyar in faɗa.

A Jos nake, gyaran waya ne sana'ata, jita kuwa da girmana na fara taɓa ta. Na iya kod, wato haɗin sautukan da za a raka mai waƙa da su, amma abin da raina yake so shi ne lid na buluz, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, irin wanda za a saki kiɗa a baya kai kuma ka riƙa zaro zance da ka, ba hadda. Duk wanda ya taɓa jin yadda B.B. King, shahararren makaɗin buluz na Amurka, yake riƙe sauti ɗaya yana girgiza shi har tsigar jiki ta tashi, ya san ciwon da nake nufi. Ta wannan ƙofar ɗan damfarar ya shigo mini.

A tallar ya ce ya yi shekaru yana kaɗa jita a gidajen rawa na Chicago, kuma tsofaffin can sun damƙa masa wani "sirrin mararraba" da ba a koyarwa a makaranta. Wai cikin kwana 30 za ka riƙa ƙirƙirar lid nan take. Kuɗin naira 120,000 ne, amma an rage zuwa 45,000 ga mutum uku na ƙarshe. Na yi masa magana ta WhatsApp, kafin in ajiye wayar ya amsa. Bakinsa kamar zuma, "Oga" sama "Oga" ƙasa. Da ya turo lambar asusu sai na ga sunan mace ya fito, na tambaya, ya ce na matarsa ne, nasa yana da matsala. A wurin ya kamata in tsaya, amma ban tsaya ba, na tura.

Aka jefa ni wani zaure a Telegram wanda shi kaɗai yake iya rubutu a ciki. Bidiyo 14 ne da takarda guda mai zanen wuyan jita da ɗige-ɗige. A bidiyo na uku na lura hannun ya canza: na farko baƙi ne, wannan kuwa hannun Bature ne da zobe a yatsa. A na bakwai jitar ma ta canza, kuma a kusurwar hoton akwai wani wuri da aka dusashe, inda tambarin mai bidiyon na asali yake. Muryarsa ce kawai aka ɗora a kai, kuma sau da yawa abin da bakin yake faɗa daban, abin da yatsun suke yi daban. Da na yi ƙorafi sai ya ce ɗalibansa ne na ƙasashen waje. Daga baya na ci karo da biyu daga cikin bidiyoyin a YouTube, kyauta, da fuskokin masu su.

Bari in ba ku "sirrin" da na saya, kada wani ya sake biya. Sautuka biyar ne da ake kira pentatonik. Da haruffa ake kiran sautukan kiɗa, in kiɗan a kan A yake, su ne A, C, D, E da G. A wuyan jita, wanda ƙananan ƙarafa suka raba gaɓa-gaɓa, ka ajiye manuniya a gaɓa ta 5 a kan kowace tsirkiya, sannan ka ƙara gaɓa ta 8 a tsirkiya ta shida da ta biyu da ta ɗaya, gaɓa ta 7 a sauran ukun na tsakiya. In ka sa sautin da ke tsakanin D da E ya zama na shida, ka samu ɗan ɗacin nan da ke sa a ji buluz ne. Kiɗan da ke baya kuma zagaye ne mai zango 12, kowane zango bugu huɗu: huɗu a A, biyu a D, biyu a A, ɗaya a E, ɗaya a D, sai a dawo gida da biyu a A. Wallahi iyakar abin da ke cikin takardar ke nan, kuma shi ne darasin farko a duk inda ake koyar da buluz. Sautuka biyar ma ba baƙonmu ba ne, kunnen da ya tashi da jin gurmi da garaya da jitar mutanen Agadez ya saba da irinsu tun tuni.

Maganar mararraba kuwa tatsuniya ce ya aro. Ana cewa Robert Johnson, makaɗin Mississippi da ya rasu a 1938 yana da shekara 27, ya je mararrabar hanya da tsakar dare ya sayar da ransa ga Shaiɗan, ya dawo gwani. Abin da masu bin tarihinsa suka gano shi ne ya ɓace na wani lokaci ya zauna wurin wani makaɗi mai suna Ike Zimmerman, suna atisaye dare da rana, har a maƙabarta don kada su dami mutane. Wato ko shi mai tatsuniyar zama ya yi gaban malami har yatsunsa suka yi kanta.

Da a nan abin ya tsaya da na ce kuɗin makaranta na biya. Ana cikin mako na biyu ya kira ni, wai ya saurari abin da na tura masa, hannuna yana da kyau, jitata ce take cuta ta. Ya ce yana da Les Paul guda, shahararriyar jitar kamfanin Gibson, tokumbo, da ya taho da ita daga Amurka, zai bar mini a naira 310,000 saboda ni ɗalibinsa ne. Sabuwar Les Paul Standard ta gaske ta haura dala 2,000, kuma na san haka. Amma kwaɗayi ya rufe mini ido, na ce wa kaina ai tsohuwa ce, kuma mutumin yana neman kuɗi da gaggawa. Na nemi ya kira ni ta bidiyo in gan ta a hannunsa, ya ce kyamarar wayarsa ta fashe. Ni mai gyaran waya, aka yi mini wannan ƙaryar na haɗiye. Na tura 200,000, sauran sai ta iso, daga baya ya ƙara 15,000 wai na direba.

Ta iso tasha cikin kwali, an naɗe ta da tsohuwar jarida, ba akwati. Gaskiya a ido tana da kyau, ga sunan Gibson yana ƙyalli a ka, ga lamba da "Made in USA" a baya. Na cika masa sauran kuɗinsa a daren, washegari na ɗauke ta ina taƙama zuwa wurin wani dattijo a unguwarmu da ya yi shekaru yana kaɗa lid a ƙungiyoyin kiɗa na otal-otal, muna ce masa Baba.

Baba bai ko jona ta da amfilifaya ba. Ya ɗora ta a cinya, ya gyara tabarau, ya nuna mini ɗan murfin da ke kan jitar, sama da inda tsirkiyoyi suke hawa wuya. "Ɗana, ƙirga sukurorin nan." Na ce uku. Ya ce na Gibson mai siffar ƙararrawa ne, kuma biyu ne ke riƙe da shi. Ya kwance murfin, ya haska ciki: ramin makullin alen ne, alhali a ta gaske noti ne za ka gani a kan sandar ƙarfen da ke daidaita wuya. Ya nuna mini ƙafafun gadar da tsirkiyoyi ke bi a ƙasa, manya ne masu tsaga irin na sukudireba. Sannan ya ɗaga ta saitin ido kamar mai auna bindiga, ya miƙo mini in duba. Wuyan ya murɗe, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tashi. Ya kaɗa tsirkiya a sake, ya danne ta a gaɓa ta 12, inda ya kamata sautin ya dawo daidai da na farko amma a sama. Sai ya fito a karkace, ko ni na ji. Da na shafa gefen wuyan, bakin ƙarafan gaɓoɓin ya kusa yanka ni.

Ya yi shiru can ya ce, "Nawa ka ba su?" Na faɗa. Ya ce, "Allah ya mayar da alheri," ya tashi ya ɗauko tasa tsohuwar jita wadda fenti duk ya goge.

Ashe jabun Gibson kasuwa ce babba. A Nuwamba 2024 jami'an kwastam na Amurka suka sanar da kama sama da guda 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya wuce dala miliyan 18. In har suna ƙoƙarin shiga ƙasar da ake ƙera ta asalin, a Nashville, to mu nan ba a magana.

Na kira mutumin, ya ce direba ne ya musanya. Na ce a mayar mini da kuɗina, ya ce in ba shi kwana biyu. A rana ta uku ya toshe ni ko'ina, ya fitar da ni daga zauren. Na je banki na shigar da ƙorafi, na kai rahoto ga 'yan sanda da hotunan hirarmu da rasit, amma lokacin an riga an kwashe kuɗin daga asusun. Wanda abin ya same shi kada ya yi jinkirin da na yi, ya nufi bankinsa a ranar, kuma kada ya goge saƙo ko ɗaya.

Daga baya na gano ba ni kaɗai ba ne. Wata yarinya mai kaɗa jita a coci a Kaduna ta biya, ko kwali ba ta gani ba. Wani kuma bayan kwana 30 ɗin aka ce ya kawo 25,000 na "satifiket daga makarantar kiɗa ta Amurka". Satifiket a buluz! Kiɗan da ya fito daga gonakin auduga na kudancin Amurka, daga bakin mutanen da yawancinsu ba su taɓa karanta rubutun kiɗa ba.

Abin da zan roƙe ku: malamin da ba zai iya buɗe kyamara ya nuna fuskarsa da hannunsa tare ba, ka ce masa ya kaɗa maka zagaye ɗaya a kan G yanzu-yanzu ya kasa, kada ka ba shi ko kwabo. Jita kuma ba a sayenta a hoto. Ka riƙe ta, ka bi wuyanta gaɓa-gaɓa, ka je da wanda ya sani. Kuma sunan da ke kanta ba shi ke kiɗa ba. Mdou Moctar na Nijar, wanda yau yake zagaya duniya da lid, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke.

Yanzu duk Asabar da yamma ina zuwa wurin Baba. A zaman farko ya hana ni taɓa fiye da sauti uku. Zai yi waƙar layi ɗaya da baki, ni kuma in amsa da jita, kamar ɗan amshi a bayan mawaƙi. Ya ce haka B.B. King yake yi da jitarsa Lucille, in yana waƙa sai ta yi shiru, in ya rufe baki ta karɓa. Mun shafe mako uku a kan abu ɗaya: in danne tsirkiya ta uku a gaɓa ta 7, in tura ta sama da yatsu uku har sautin ya kai na gaɓa ta 9, ba ƙasa ba sama. In na gaza kaiwa sai ya yamutsa fuska kamar ya tauna lemon tsami. Bai taɓa yanka mini kuɗi ba, ni nake sayo masa kati da tsirkiya in tasa ta tsinke.

Sabuwar tallar mutumin ta ce yanzu a Memphis ya zauna, ba Chicago ba, kwanakin sun koma 21, kuma har yanzu gurbi uku ne ya rage. Ku duba bidiyon da kyau: jita mai ruwan zinare, hannu biyu, labule ja a baya, ba fuska. Wanda ya gani ya danna rahoto, ya kuma tura wa duk wani yaro da ya san yana koyon jita. Ita kuwa jabun tana rataye a shagona saman teburin aiki, duk mai son ya ga sukurori ukun nan da idonsa ya biyo.